Aikin Gida Ya Yi wa 'Yata Yawa, Ƙannenta Maza Kuma Suna Zaune

Wata baiwar Allah daga Zariya ta aiko da wannan wasiƙa, wadda na taƙaita:

"Assalamu alaikum, Hajiya. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyar, ina sana'ar ɗinki a cikin gida. Babbar mace ce mai shekara 12, sai maza biyu, ɗan shekara 10 da ɗan shekara 7, sai mace 'yar shekara 4, sai wanda nake goyo, watansa takwas. Kusan duk aikin gidan babbar ce ke yi. Ƙarfe biyar na asuba take tashi ta hura gawayi, ta ɗora ruwan wanka, ta yi shara da wanke-wanke, ta shirya ƙannenta. Idan ta dawo daga boko da Islamiyya kuma ta karɓi goyo, ta kama mini girkin dare, ba ta kwanciya sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Mazan ba sa yin komai sai aike, domin surukata ta ce namiji ba ya taɓa tsintsiya, maigidan kuma bai ce uffan ba. Malamarsu ta aiko cewa tana gyangyaɗi a aji, makon jiya kuma ruwan zafi ya zubo mata a ƙafa tana sauke tukunya da ƙaninta a bayanta. Allah ya tsare, yaron bai samu komai ba. Ni haka aka rene ni, kuma ina tsoron a ce ban koya mata aiki ba ranar da ta je gidan wani. Wane aiki ne ya dace da kowannensu?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya ba yarinya lafiya, ya kiyaye gaba. Abin da ya tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne jinjirin nan da ke bayanta a lokacin da tukunyar ta karkace, domin da ruwan ya bi ta wani gefen, da yanzu wani zance dabam muke yi. Kafin komai ki sake duba ƙafar. Idan ƙunar ta ɗuri ruwa, ko faɗinta ya kai tafin hannun yarinyar, ko ta hau kan gaɓa ko yatsu, ko ta fara wari da ruwa-ruwa, ki kai ta asibiti, kada ki jira ta warke da kanta. Duk ranar da irin haka ta sake faruwa a gida, Allah ya kiyaye, abin yi shi ne a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har kimanin minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da gishiri da baƙin mai, waɗanda muka saba shafawa, ƙara ɓata ciwon suke yi.

Kin tambaye ni aikin da ya dace da kowace shekara, kuma zan faɗa miki, amma ƙidayar shekaru kaɗai ba ta isa, domin akwai ɗan shekara takwas mai natsuwa, akwai kuma ɗan goma sha biyu mai rawar kai. Ma'aunin da na fi amincewa da shi shi ne uwa ta tambayi kanta, kafin ta miƙa wa yaro aiki, me za a rasa idan ya kuskure. Idan kwano ne zai lotse, ko wake ya zube, ko riga ta fito da sauran datti a wuya, ki ba shi aikin ko da kin san ba zai yi shi yadda kike so ba, domin wannan 'yar asarar ita ce kuɗin koyo. Idan kuwa fata ce za ta ƙone, ko yatsa ya guntule, ko ran wani ƙarami ya shiga hatsari, to aikin na babba ne, ko da yaron ya yi shi sau ɗari lafiya lau. Idan kika auna gidanki da wannan ma'auni za ki ga al'amarin a juye yake: an hana maza biyu masu lafiya tsintsiya da kwano, abubuwan da ko sun ɓata ba a yi asarar komai ba, an kuma damƙa wa yarinya guda wuta da tafasasshen ruwa da ran jinjiri a lokaci ɗaya.

Ki zauna ki lissafa awannin da take yi tana aiki. Daga ƙarfe biyar zuwa fitarta makaranta awa biyu ke nan ko fiye, daga dawowa Islamiyya zuwa kwanciya kuma ba za a rasa awa uku ko huɗu ba, ban da Asabar da Lahadi da wanki ke jiran ta. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, yana lissafa yaron da bai wuce shekara 14 ba cikin masu aikin da ya fi ƙarfin shekarunsu idan aikin gidan da yake yi ya kai awa 21 a mako, wato awa uku a kowace rana. 'Yarki ta wuce wannan da nisa. Likitocin yara kuma suna cewa mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a kwana guda, ita kuwa awa shida take samu. Saboda haka gyangyaɗin da malamarta ta gani ba lalaci ba ne, bashin barci ne jikinta yake karɓa a inda ya samu dama, kuma ina kyautata zaton wannan gajiyar tana da hannu a karkacewar tukunyar. Allah Maɗaukakin Sarki ya gaya mana a ƙarshen Suratul Baƙara cewa ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a ɗora wa masu hidima abin da ya fi ƙarfinsu, ya ce idan an ɗora musu to a taimake su. Idan wannan haƙƙin bara ne, 'yar cikinki ta fi cancanta da shi.

Ba ina cewa ki zaunar da ita ba ne. 'Yar shekara 12 tana iya wanke kayanta da na makarantarta, ta gyara ɗakinsu, ta yi tankaɗe, ta gyara kayan miya, ta yanka albasa da alayyafo da ƙaramar wuƙa bayan kin nuna mata yadda ake lanƙwashe yatsu, ta kaɗa miyar kuka, ta dafa taliya ko shinkafa a ƙaramar tukunya kina kusa. Tuƙin tuwon gida guda, sauke babbar tukunya, suya a mai mai zafi, da kunna gas ko risho ba kowa a wurin, waɗannan su jira ta ƙara shekara biyu ko uku, hannunta ya yi ƙarfi, kuma ko a lokacin a fara tare da ke. Batun goyo kuwa ina so ki yanke shi daga yau: wanda yake ɗauke da yaro ba ya zuwa kusa da wuta, ko ke ce, balle ita. Ta ɗauki ƙaninta ta yi masa wasa na rabin awa kina cikin gida, wannan zumunci ne, kuma yana sa shaƙuwa. Amma a bar mata shi ki tafi kasuwa ko unguwa, ko ta yi masa wanka ita kaɗai, wannan raino ne, raino kuma yana bukatar wanda zai san abin yi idan yaro ya shaƙe da abinci, ko ya faɗa cikin bokiti, ko zazzaɓi ya sa shi shiɗewa. Yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan da bai kai rabin bokiti ba, cikin ɗan lokacin da za a juya a ɗauko sabulu. Idan wani abu ya faru a hannunta, ita za ta rayu da wannan nauyin har tsufanta, alhali ba ita ta haife shi ba.

'Yar shekara huɗun nan ba ta da wuya. A wannan shekarun yaro da kansa yake roƙon aiki, yana bin uwa da ƙaramar tsintsiya, yana tuwon ƙasa yana kwaikwayon girki. Ki bar ta ta kwashe kayan wasanta, ta jera takalma a bakin ƙofa, ta kai kwanonta wurin wanke-wanke, ta miƙo miki zare ko tsumma, ta watsa wa kaji tsaba. Minti biyar ko goma ya ishe ta. Kada ki kore ta don tana ɓata miki lokaci, domin yaran da aka yi ta kora suna 'yan shekara huɗu su ne ake bi da bulala suna 'yan goma a kan sun ƙi aiki.

Yanzu ga mazan, inda nake ganin gyaran gidanki yake. Ɗan shekara bakwai ya kai lokacin da shari'a ta ce a fara umartar sa da sallah, wato ya kai matsayin da ake ɗora masa abu mai lokaci ya kiyaye. Wanda za a ce ya yi alwala ya tsaya sau biyar a rana zai iya naɗe tabarmarsa, ya kakkaɓe shimfiɗarsa, ya share ɗaki, ya cika butoci, ya tsince wake ko shinkafa a faifai, ya ɗauraye kwanonin roba da na silba, ya wanke safarsa, ya kwashe shanya. Ɗan shekara goma kuma ya share tsakar gida da zaure, ya fitar da shara, ya yi wanke-wanken dare gaba ɗaya, ya wanke kayan makarantarsa, ya kai niƙa ko markaɗe idan injin yana cikin unguwa kuma da rana ne, ya ba dabbobi dusa da ruwa idan kuna kiwo, ya kuma kula da shirin ƙaninsa da safe. Idan aka ɗauke waɗannan kaɗai daga kan yayarsu, an rage mata kusan rabin wahalarta.

Sai dai ki kula da wani kuskure da akan yi da 'ya'ya maza, wato a hana su aikin cikin gida mai sauƙi, a tura su ga na waje mai nauyi da sunan su maza ne. Jarkar da muke ɗebo ruwa da ita tana cin lita 25, kowace lita kuma kilo ɗaya ce, ke nan kilo 25 ne a kan wuyan yaron da shi kansa sau da yawa nauyinsa bai kai haka ba idan ɗan shekara bakwai ne. Ƙashin bayansa da wuyansa ba su gama ƙwari ba. A ba shi ƙaramin galan ya yi sawu biyu ko uku, ko a sayi ruwan a wurin 'yan ga-ruwa idan da hali. Jan guga a rijiya marar murfi, tsallaka babban titi da aike, sayo fetur ko kananzir, fesa fiya-fiya, da aiken bayan magariba, duk ba na waɗannan shekarun ba ne. Haka nan wankin bayi da sinadarai, domin haɗa Hypo da wasu magungunan wanke masai yana tayar da iska mai guba wadda ke shaƙe numfashi, yaro kuma bai san wannan ba. Kananzir ɗin da ake ɗurawa a robar lemo a ajiye a ƙasa shi ma ya sha kai ƙananan yara asibiti. Dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta yarda yaro ya yi wa iyalinsa aiki mai sauƙi na gida ko na gona, amma ta hana a sa shi ɗaukar abin da nauyinsa zai cutar da girmansa.

Maganar surukarki ba za ki tunkare ta da gardama ba, kuma ba ke ce za ki kai mata ita ba. Tsohuwa ce da ta tashi a zamanin da ɗa namiji yake bin mahaifinsa gona tun da sanyin safiya, ko ya kora dabbobi kiwo, ko ya zauna a maƙera ko masaƙa, yana dawowa a gajiye, shi ya sa ba a haɗa masa da tsintsiya. Rabon aikin a wancan lokacin yana da adalcinsa. Amma jikokinta a birni suke, ba gona, ba garke, abin da ya rage musu bayan makaranta shi ne ƙwallo da talabijin, aikin mace kuwa yana nan bai ragu ba. Wannan shi ne abin da za ki fahimtar da maigida a lokacin da kuke ku biyu, hankalinsa a kwance. Ki nuna masa ƙafar 'yarsa, ki gaya masa saƙon malamarta, ki lissafa masa awannin kamar yadda muka lissafa, sannan ki roƙe shi ya zama shi ne zai raba wa mazan aikin da bakinsa. Yaro namiji yana karɓar tsintsiya daga hannun mahaifinsa ba tare da jin an wulaƙanta shi ba, surukarki kuma ba za ta ga kamar kin yi mata tsallake ba idan umarnin daga ɗanta ya fito. Idan ana neman hujja, an tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Annabi yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin sallah ya yi sai ya fita. Wannan yana cikin Sahihul Bukhari. A wasu ruwayoyin ta ambaci cewa yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa, yana tatsar akuyarsa. Ba a yi namijin da ya kai shi ba. Ga shi kuma 'ya'yan namu suna tafiya makarantar kwana, su tafi jami'a, su tafi hidimar ƙasa a garin da ba su san kowa ba, inda wanda bai iya wanke rigarsa da dafa abin da zai ci ba yake shan wahalar da iyayensa ne suka jawo masa.

Ki sa rai cewa makonnin farko za su ba ki haushi. Sharar za ta bar ƙura a lungu, kwanon zai fito da maiƙo, kuma zuciyarki za ta ce miki ki kira babbar ta gyara don a huta. Kada ki kira ta. Ki yi aikin tare da yaron sau biyu ko uku yana gani, sannan ya yi kina kallo, sannan ki bar shi ki riƙa dubawa daga baya. Ki ba kowa aikinsa tsayayye da lokacinsa sananne, domin yaro ya fi jure aikin da ya san nasa ne kullum a kan kiran da ake ƙwala masa a tsakiyar wasa. Kada kuma ki mai da aiki horo, ki ce wanda ya yi laifi shi zai wanke kwanuka, domin daga ranar zai ɗauki wanke-wanke a matsayin wulaƙanci, ya kuma ɗauki yayarsa da ta shekara tana yi a matsayin wadda ba ta da daraja. Anas ɗan Malik ya shiga hidimar Annabi yana ɗan shekara goma, sa'an ɗanki, ya yi shekara goma yana yi, kuma ya ce bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba, bai kuma taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Ya ba da labarin ranar da aka aike shi ya tsaya wurin yara masu wasa a kasuwa, sai ya ji an kama ƙeyarsa ta baya, ya waiwaya ya ga Annabi yana dariya, yana tambayarsa ko ya je inda aka aike shi. Yaron da aka aika zai tsaya kallon wasa, haka yara suke tun wancan zamanin.

Na san za ki ce aikin da aka ɗauke mata, wanda mazan ba za su iya ba, wa zai yi, alhali ga keke yana jiran ki da ɗinkin mutane. Gaskiya ita ce wani kaso zai dawo kanki, kuma ba ni da wata dabara da za ta ɓoye wannan. Abin da za a iya shi ne rage shi. A dafa ruwan zafi da dare a zuba a fulas don kada kowa ya hura wuta da asuba, a haɗa kayan makaranta tun kafin a kwanta, ki mai da ƙarfin ɗinkinki lokacin da suke makaranta, ki sa girkin dare ya sauka kafin magariba don yarinyar ta yi karatunta ta kwanta ƙarfe tara. Gab da sallah, lokacin da ɗinki yake yawa, ki nemi wata babba cikin dangi ko maƙwabta ta kama miki, ko ki rage karɓar kaya. Abin da nake roƙon ki kada ki yi shi ne ɗauko 'yar wani daga ƙauye, sa'ar 'yarki, ki sauke mata kayan da kika ɗauke wa taki. Dokar nan ta 2003 ta hana sa yaro aikatau a wajen gidansu da danginsa, kuma ko ba doka, ita ma tana da uwa da ƙafar da ruwan zafi yake ƙonawa.

Tsoron da kike yi na a ce ba ki koya mata aiki ba, na fahimce shi, domin gorin da ake yi wa amarya uwarta yake nufa. Amma yarinyar da take hura wuta da shirya yara huɗu tana da shekara 12 ta riga ta iya fiye da abin da ake nema a wurin sa'o'inta, kuma girki abu ne da mai hankali take ƙwarewa a kansa cikin 'yan watanni idan lokacinsa ya zo. Karatun da take barci a kansa yanzu shi ne wanda ba ya jira, domin ajin da ya wuce ta ba ya dawowa.

Akwai kuma abin da ba ki rubuta ba, amma na san gidajenmu. 'Yar fari ce, kuma al'ada ta sa muna yi wa ɗan fari alkunya, ba ma kiran sunansa, ba ma yabonsa a gaban mutane, ba ma jan sa a jiki. Sai ya zama ita ce ta fi kowa wahala a gidan, ita ce kuma ba ta taɓa jin an ce mata sannu ba. Kunyar ɗan fari ba ta hana ki kira ta ɗaki ku biyu, ki duba ƙafar da hannunki, ki ce mata kin ga ƙoƙarinta, kuma abin da ya faru ba laifinta ba ne, domin ina da yaƙinin tun ranar take zargin kanta da cewa ta kusa ƙona ƙaninta. Ki sa mata albarka da bakinki ta ji. Ki gaya mata ayyukan da suka rage nata da waɗanda aka ɗauke mata, don kada ta zaci an karɓe su ne saboda ta gaza. Sannan ki ware mata awa guda a kowace rana bayan Islamiyya wadda ba mai kiran ta, ta yi 'yar carafke ko gaɗa da ƙawayenta, ko ta kwanta kawai ta huta, kuma idan jinjirin ya yi kuka a cikin wannan awar, ke za ki tashi ki ɗauke shi.